Shekara 15 Ina Fasto, Yau Ban San Ko Akwai Mai Jin Addu'a Ba

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai wannan" take ce mini, in za ta yi zancena da wani kuma sai ta ce "yaron nan". Ranar da aka ɗora mini hannu aka naɗa ni, ranar ta samu sunan da za ta kira ni da shi gaban kowa ba tare da jin nauyi ba: Fasto. Shekara 15 tana kirana haka. Da na ajiye aikin a 2019, cikin abubuwan da na raba ta da su har da wannan suna, kuma har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

An haife ni a 1976 a wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Mu Hausawa ne Kirista, irin waɗanda in mun shiga Kano a riƙa tambayarmu ainihin ƙabilarmu, in mun je Jos kuma a riƙa yi mana kallon shakka sai mun faɗi majami'armu. Kakana Bamaguje ne, yana da wurin tsafinsa a gindin tsamiya. Kuturta ce ta kai shi Babbar Ruga kusa da Katsina, inda Turawan mishan na SIM suke jinyar kutare. Ya tafi da ciwo, ya dawo da ragowar yatsunsa da sabon addini. Babana da Littafi Mai Tsarki ya koyi karatu, tsohuwar fassarar Hausa ta 1932. Shi kaɗai ne littafi a gidanmu. A cikinsa ake ajiye takardar haraji da kuɗin baikon Lahadi, kuma ba a ɗora komai a kansa.

Ina da shekara huɗu ƙyanda ta shigo ƙauyen, ta ɗauke ƙanwata. Ni ma na kwanta har aka fid da rai. Inna ta durƙusa ta yi alkawari irin na Hannatu uwar Sama'ila: in yaron nan ya tashi, na Allah ne. Na tashi. Da wannan labari na girma, ana ba ni shi kamar yadda ake ba yaro tarihin gidansu.

Akwai masu cewa wanda ya bar bangaskiya dama can bai taɓa samunta ba. Ni ma na sha faɗin haka a kan mumbari game da wasu, kuma yau ina neman gafararsu. Na ba da gaskiya da dukan zuciyata. Ba wanda ya tilasta ni. Ina son ƙarar ƙararrawar asuba, ina son ganin matan Zumunta, ƙungiyar matan majami'a, sun shigo a jere da zane iri ɗaya, suna kaɗa tulu da caki, Inna a cikinsu. Ina da shekara 14 na fita gaba a wani taron farkaswa ina kuka, aka yi mini baftisma a rafi da damina. In na durƙusa a lokacin, ji nake kamar akwai wani a ɗakin tare da ni. Wannan jin ba ƙirƙirarsa na yi ba.

Na yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, daga nan ikilisiyarmu ta tura ni makarantar tauhidi a Filato. Ina can rikicin Jos ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001. Na ga gawarwaki a bakin titi, na ga samarin da nake yi wa nazarin Littafi da sanduna a hannu, idanunsu sun canza. Abin ya girgiza ni, amma bai taɓa bangaskiyata ba. Na ce zuciyar mutum ce muguwa, Allah kuwa nagari ne.

A ajin Helenanci, harshen Girka da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, aka fara yi mini ƙaramar tsaga. Malaminmu, dattijo mai tsoron Allah, ya nuna mana cewa tsofaffin manyan kwafe biyu na Sabon Alkawari, na Sina'i da na Batikan, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 4, sun tsayar da Bisharar Markus a aya ta 8 ta sura 16, inda mata suka gudu daga kabari cikin tsoro ba su gaya wa kowa komai ba. Ayoyi 12 na ƙarshe, waɗanda suka yi maganar korar aljannu da ɗaukar macizai da ɗora wa marasa lafiya hannu su warke, babu su a ciki. Haka ma labarin matar da aka kama da zina a Yahaya sura 8, babu shi a kwafe mafiya tsufa. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, to me za mu gaya wa jama'a?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ka ba jariri madara, kada ka ba shi ƙashi." Na karɓi wannan amsa. Na ninke tambayar na ajiye, kamar yadda ake ajiye takardar bashi a ƙasan akwati.

A 2004 aka tura ni wata ikilisiyar ƙauye a kudancin Kaduna, wurin manoman citta. A nan na yi shekarun da suka fi kowanne daɗi a rayuwata. Albashin ba ya kai ko'ina, wani lokaci a yi wata uku ba a biya ba, amma da kaka buhunan masara ke cika gidan fasto. Na ɗaura aure, na raɗa suna, na raba faɗan kan iyakar gona, na kai mata masu naƙuda asibiti a kan babur da tsakar dare. Da kuɗin citta muka sauya rufin majami'a. Tsofaffin da suka haifi kamata suna ce mini Baba, uwargidana kuma Mama. Mun haifi 'ya'ya huɗu a gidan nan.

Bayan zaɓen Afrilun 2011 zaman yankin ya lalace. Mutanen da suke cin kasuwa ɗaya suka koma kallon juna a kaikaice. A ƙarshen 2016 hare-haren dare suka yi yawa a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Na kira azumi da addu'a na kwana uku. A daren rufewa na buɗe Zabura 91, na karanta musu cewa ba za su ji tsoron razanar dare ba, dubu za su faɗi a gefensu amma ba zai kusance su ba, zai umarci mala'ikunsa su tsare su. Ban karanta ta a matsayin waƙa ba. Na ce musu alkawari ne, kowa ya koma gida ya kwanta. Wasu iyalai da suka yi shirin kai yara wurin dangi a gari suka fasa.

Ba a yi mako biyu ba aka shigo wata unguwa da ke gefen ƙauyen. Ba zan ba da labarin daren ba. Da safe muka haƙa rami ɗaya. Ni na yi addu'a a bakinsa, da kwala a wuya, na faɗi kalmomin da aka koya mini. Bayan an watse wata mata daga Zumunta, wadda 'ya'yanta uku suke cikin ramin, ta zo ta tsaya gabana. Ba kuka take ba. Ta ce, "Baba, ka ce mala'iku sun kewaye mu. Ina suka je?"

Ina da amsoshi. Na yi jarrabawa a kansu. Allah yana da shirin da ba mu gani, 'yancin zaɓin da ya ba ɗan Adam ne, yaran suna wuri mafi kyau, dubi Ayuba. Na buɗe baki, sai na ji kowace ɗaya in na faɗa mata zagi ce. Ayuba an mayar masa da 'ya'ya goma, amma ba waɗanda suka mutu ba. Na ce mata, "Ban sani ba, Mama." Wannan ce gaskiya ta farko da na faɗa ranar. Ta gyaɗa kai ta tafi.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka ƙone wata ruga da ba ruwanta, da sunan ramuwa. Wata tsohuwar Bafulatana da ta shekara goma tana kawo mana nono ta biyo ta ƙofar gidana da ƙullin kayanta a ka. Jikanta ya mutu a wutar. Ta ce mini, "Malam, Allah yana gani." Na tsaya ina kallon bayanta. Mata biyu, kowacce ta kwana tana kiran Allah da harshe ɗaya, da suna ɗaya, kowacce ta binne nata. A daren na durƙusa kamar kullum, sai na ji ɗakin wayam. Wanda nake ji tun ina yaro ba ya nan.

Ban saki da wuri ba. Na yi azumi har na rame. Na riƙa maimaita addu'ar uban yaron nan na Markus sura 9, wanda ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Na je wurin wani babban Rabaran da nake girmamawa, na buɗe masa cikina rabi. Ya ce gajiya ce, Shaiɗan yakan kai wa makiyayi hari don tumaki su watse, in ƙara addu'a. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma takardar da na ajiye a ƙasan akwati ta riga ta fito. Na fara karanta Littafin kamar yadda zan karanta littafin wani addini, ba tare da na riga na yanke cewa dole ya yi daidai ba. Na ga Matiyu ya ce Yahuza rataye kansa ya yi bayan ya mayar da kuɗin, Ayyukan Manzanni kuma ya ce gona ya saya da su ya faɗi cikinsa ya fashe. Na sake karanta umarnin hallaka Amalekawa har da jarirai masu shan mama, a Sama'ila ta fari sura 15, wannan karon da ramin nan a idona. Sai wata tambaya ta zo da ta fi duka nauyi. Da kuturta ba ta kama kakana ba, da yanzu ina yanka zakara a gindin tsamiya, ko ina sahun gaba a masallaci, kuma da ina da tabbaci iri ɗaya da wanda nake da shi. To tabbacin nawa shaidar mene ne?

Shekara biyu da wani abu na ci gaba da wa'azi a haka. Wannan ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin. Na koyi zaɓen ayoyi: ƙaunar maƙwabci, yafiya, taimakon gwauraye da marayu, abubuwan da har yanzu na yarda da su. Na daina cewa "Allah zai yi", na koma cewa "Littafi ya ce". Ba wanda ya lura, wasu ma cewa suke wa'azina ya ƙara zurfi. Ranar Jibin Ubangiji in ɗaga gurasa hannuna yana rawa. Gaba kura baya sayaki: in na faɗi gaskiya, gidan da muke ciki na ikilisiya ne, makarantar yara rangwamen 'ya'yan fasto ne, takardar shaidata ta tauhidi ce, ba ta sayen ko mudun gero a wani wuri. In na yi shiru kuma, ina cin baikon talakawa da abin da ban yarda da shi ba.

Da dare, in kowa ya yi barci, sai in shiga intanet a waya. A nan na gano ba ni kaɗai ba ne. Akwai wata ƙungiya da aka kafa a 2011, The Clergy Project, ta fastoci da sauran malaman addini da bangaskiya ta kuɓuce musu, da yawansu suna kan aiki a ɓoye kamar ni. Na karanta labarin Ryan Bell, tsohon faston Adventist a Hollywood ta Amurka, wanda a farkon 2014 ya shelanta zai yi shekara guda ba addu'a ba sujada, ya ga abin da zai faru. Cikin kwanaki ya rasa ayyukan koyarwar da yake yi a makarantun Kirista, a ƙarshen shekarar kuma ya ce ba ya jin akwai Allah. Na ji tausayinsa, na kuma ga bambancinmu. Shi da sunansa da hotonsa ya yi magana. Ni ko a gadona sai na juya fuskar wayar ƙasa.

Uwargida ce ta fara kama ni. Wata ashirin ko fiye tana kallona. Wani dare ta ce, "Maigida, wata mace ce?" Na ce a'a. Ta ce, "To mene ne? Ka daina waƙa in kana wanka, ka daina sa wa yara hannu a ka." Na gaya mata duka. Ta yi kuka har asuba. Abin da ta ce da gari ya waye ba zan manta ba: "Da mace ce da ya fi mini sauƙi, don na san yadda ake wannan yaƙin." Ta yi mako ba ta yi mini maganar da ta wuce ta abinci ba. Ranar da ta buɗe baki kuma cewa ta yi, "Ban yarda da kai ba, amma kada ka sake hawa mumbarin nan kana ƙarya. Gara mu sha gari."

Na rubuta takardar ajiye aiki a tsakiyar 2019. Dattawan ikilisiya suka zauna da ni sau uku. Sun nemi zunubin da na ɓoye, ba su samu ba. Ɗaya daga cikinsu ya yi tambayar da ke ran kowa: "Baba, musulunta za ka yi?" A wurinmu barin majami'a ba ya nufin komai sai tsallakawa ɗaya ɓangaren, a lokacin da ramin nan ko ciyawa bai gama yi ba. Da na ce a'a, ba inda zan je, sai suka fi rikicewa. Wani tsoho da na binne matarsa ya riƙe hannuna yana kuka, ya ce, "To mu wa ka bar mu da shi?" Ba ni da abin ce masa. Aka ba mu wata biyu mu tashi daga gidan.

Muka koma Kaduna, ɗaki biyu a kudancin kogi. Garin nan tun rikicin Fabrairun 2000 ya rabu, Kirista galibi a kudu, Musulmi a arewa, kogin ne iyaka. Mutum irina ba shi da unguwa. Kowace takarda ka cika, gurbin addini biyu ne. Mai gidan haya ma sai ya tambayi cocin da kake zuwa. Na karɓi Keke Napep na biya kullum, na yi shekara biyu ina ja. Wata rana a Sabon Tasha wata mata ta shiga, muka haɗa ido a madubi, ta ce "Baba!" ta rufe baki da hannu. Yarinya ce da na yi wa baftisma na kuma ɗaura mata aure. Da za ta sauka ta miƙo kuɗi da hannu biyu tana ɗan rusunawa, kamar mai ba da baiko. Na ƙi karɓa, ta ajiye a kujera ta tafi da sauri. Na gangara gefen titi na kifa kai a kan sitiyari.

A Afrilun 2020 aka kama Mubarak Bala, wanda ya fito fili ya ce bai yarda da addini ba, a garin nan na Kaduna kan abin da ya rubuta a Facebook, aka kai shi Kano, a 2022 kotu ta yanke masa shekara 24, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar. Shi daga gidan Musulunci ya fito, hanyarmu ba ɗaya ba ce, kuma ni ba mai zafafa harshe ba ne a kan abin da wani yake bauta wa. Amma ranar da na ji labarin na goge duk abin da na taɓa rubutawa a Facebook. Shi ya sa ko wannan rubutu babu sunana.

Na yi zaton zan samu 'yan'uwa a cikin waɗanda ake kira mulhidai, na kuwa samu wasu masu kirki da suka saurare ni lokacin da ba mai saurarena. Amma wasu zaurukansu ban iya zama ba. Ana yi wa masu addini dariya, ana kiransu wawaye. Inna ba wawuya ba ce. Matar nan mai 'ya'ya uku, na ji har yanzu tana sahun gaba a Zumunta, kuma ban isa in ce mata ta yi kuskure ba, don ban san abin da zai riƙe ta ba in ta saki wannan. Ni abin da zan iya faɗa a kan kaina kaɗai ne: na nema, na yi kira, ban ji kowa ba, kuma hujjojin da na koyar shekara 15 ba su ƙara gamsar da ni. In aka matsa mini da tambaya, ina ganin babu mai jin addu'a. Ban ce na tabbata ba. Na taɓa tabbata sau ɗaya, na tura mutane gida su kwanta.

Wani abin da ban yi tsammani ba shi ne harshe. Hausa ba ta barin mutum ya wuni bai ambaci Allah ba. In aka ce sai gobe, me za ka ce in ba "Allah ya kai mu" ba? In ka je gaisuwar mutuwa, da me za ka buɗe baki in ba "Allah ya ba da haƙuri" ba? Na yi wata da watanni ina cije harshe, ina neman wasu kalmomin, sai gaisuwata ta koma busasshiya kamar ta baƙo, mutane suna jin kamar ba na yi musu fatan alheri. Daga baya na daina wannan kokawa. Ina faɗa yanzu, kuma abin da nake nufi shi ne ina son in gan ka gobe, ina jin zafin rashinka. Wannan kam gaskiya ne.

Yanzu ina koyar da Turanci da tarihi a wata makarantar kuɗi. Uwargida tana zuwa sujada da yara, ni nake kai su a babur in dawo in ɗora ruwan tuwo. Babbar 'yata ta tambaye ni ko wuta zan shiga. Na ce mata ban yi zaton haka ba, amma ta ci gaba da tambaya, kada ta ji tsoron kowace tambaya, ni kuma ba zan taɓa yi mata ƙarya ba. Ƙannena biyu sun daina ɗaukar wayata. Wani lokaci waƙar sujada takan taso daga wata majami'a ina wucewa, in ji hawaye ya zo. Kewa ce, irin ta wanda aka rushe gidan da ya girma a ciki.

Inna ce na fi jin tsoron fuskanta, har na yi shekara ban je gida ba. Da na je, na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta riga ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ni na yi alkawari, ba kai ba. Na kai ka, ban san abin da ya faru a can ba. Tsakanina da shi ne."

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da ita, idonta kuma ya yi rauni. Na je na yi kwana goma. Daren farko ta nuna mini akwati, na ciro tsohon Littafin babana, bangonsa ya rabu, takardar haraji tana nan a ciki. Ta buɗe baki ta ce "Fas...", sai ta tsaya. Ta ce, "Kai wannan, karanta mini Zabura." Na tambaye ta wacce. Ta ce ta makiyayi. Na karanta mata Zabura 23 a hankali, da tsohuwar Hausar nan, tana bin baya da leɓe don ta haddace ta tun kafin a haife ni. Da na kai ƙarshe ta ce, "Kana addu'a kuwa?" Na ce, "A'a, Inna." Ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "To, ni ina yi maka. Gyara mini matashin nan, ka ƙara karanta wata."